Lossless ɗin nan data kawai yake cinye wa yaranmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ɗan ba ni fili, ni mai gyaran waya ne a Kano kuma abin nan ya dame ni.

Satin da ya wuce wani yaron maƙwabtanmu ya kawo min wayarsa rai a ɓace, wai ta lalace tana shan data, 1GB ba ya kai masa la'asar. Na duba, waya lafiyarta ƙalau, ashe setin manhajar jin waƙa ya shiga ya kunna lossless, wato jin waƙa da cikakken sautinta ba a rage komai ba, don abokansa sun ce shi ne orijinal, kuma fa da wani ɗan bulutut na kunne na dubu uku yake ji, roba ɗaya ma ta fita.

To jama'a ga yadda abin yake. MP3 da AAC, wato tsarin fayil ɗin waƙa na yau da kullum, matse waƙa suke, a zubar da sautin da kunne bai cika kamawa ba, shi ya sa a ma'aunin inganci na 128 kbps minti ɗaya kusan 1MB ne kawai. Shi kuwa lossless irin su FLAC ba ya zubar da komai. Masu manhajar jin waƙa ta Apple Music da suka kawo nasu a 2021, su da kansu sun nuna waƙar minti 3 tana cin 6MB a babban inganci na yau da kullum, amma 36MB a lossless. Kenan waƙa 28 gigarka ta tafi, alhali tun farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Abin da ya fi ba ni takaici, bulutut ɗin nan sai ya sake matse sautin kafin ya kai kunne, kuɗi sun tafi ingancin bai iso ba, ga ƙarar adaidaita ga janareta, in sabis ya sauka 3G kuma waƙa ta dinga tsayawa.

Inda muke buƙatar lossless wallahi situdiyo ne da wajen adana tsofaffin kaset na makaɗanmu, waɗanda yanzu an ciro daga bidiyo, an juya, an sake juyawa har kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Gidajen rediyo masu asalin faifan su taimaka su kwafe a FLAC kafin tef ɗin ya ruɓe.

Yaron dai na mayar masa da setin daidai, na ce in ya samu wifi ya sauke nasa ya ajiye.

Naku,
Mai gyaran waya, Kano