Tarago mai lamba 59 da kan jirgin da ke tashar Minna

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu.

Akwai wani tsibiri tsakanin Ingila da Ireland, Isle of Man sunansa, suna da ɗan jirgin lantarki irin na cikin gari da ya fara aiki tun 1893 kuma har yau yana zirga-zirga daga Douglas zuwa Ramsey. Motar gaba ce ke shan wuta daga wayar sama, sai ta jawo wani tarago a baya wanda shi ba inji ba komai, kujeru ne kawai da birkin hannu, da yawansu ma ko bango babu, iskar teku na kaɗa mutum. To cikin taragun nan akwai mai lamba 59, kamfanin Milnes ne ya ƙera shi a 1895 don manyan kamfanin jirgin su riƙa shiga, shi rufaffe ne da tagogin gilashi, kuma a 1902 ya ɗauki Sarkin Ingila Edward na bakwai da matarsa. A 1930 gobara ta tashi a rumfar ajiyarsu ta Laxey ta cinye taragu da dama, shi Allah ya tsare, yana nan har gobe ana masa fenti ana gyara katakonsa.

Abin da ya sa na kawo zancen, a 1902 ɗin nan dai Legas ta buɗe nata jirgin cikin gari mai gawayi, yana tashi daga Iddo ya haye gadar Carter, aka daina ɗaukar fasinja wajen 1914 ya koma kwasar bahayar gari har 1933. Mu ma nan arewa muna da na Wushishi, kan jirginsa na 1901 yana ajiye a tashar Minna, ni dai duk sanda na wuce sai in ga ƙarfe ne tsaye shi kaɗai, ba komai a bayansa, alhali tarago shi ne inda mutane suka zauna, a nan za ka gane wa aka ba kujera wa aka bari a tsaye zamanin Turawa.

Don Allah Malam Edita ku tura wakilinku yadin reluwe na Zariya da na Ebute Metta da ke Legas ya ɗauko mana hotunan tsofaffin taragun da suka rage kafin 'yan gwangwan su riga mu, a ji kuma daga bakin hukumar jiragen ƙasa ko akwai wanda aka ware don ajiya.

Naku,
Wani mai karatu daga Minna