A gyara maganar Loki da Thor a shafin fim

Malam Edita, assalamu alaikum, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina bin shafinku na fina-finai kuma wallahi na ji daɗi da kuka taɓo fim ɗin Thor, amma akwai abin da ya tsaya min a rai, an rubuta cewa Loki ɗan uwan Thor ne kamar haka labarin yake tun asali, to ba haka ba ne gaskiya. Wannan shirin 'yan kamfanin Marvel na Amurka ne, su Stan Lee da Jack Kirby da suka fito da Thor a littafin zane a 1962, daga baya fim ɗin 2011 ya ɗora a kai aka mai da Loki ɗan riƙon Odin, mahaifin Thor. A tsofaffin waƙoƙin mutanen arewacin Turai kuwa Loki da Odin ne suka haɗa jini suka zama 'yan uwa, ita ma Hela da aka nuna a fim ɗin 2017 a matsayin 'yar Odin, a rubutun Snorri Sturluson na Iceland wajen 1220 'yar Loki ce.

Abin da ya sa na damu, ɗana ya yi ta min gardama a kan wannan har sai da na zaunar da shi na ba shi labarin gudumar Thor. Wasu maƙera biyu 'yan uwa ne suka ƙera ta, ɗayansu mai suna Brokkr na kan zugazugi sai ga ƙuda ya zo ya cije shi a fatar ido, jini ya rufe masa gani, ya ɗan saki hannu ya kore shi, shi ke nan ƙotar ta fito gajeriya, kuma ana ganin ƙudan nan Loki ne ya rikiɗe don kada ya faɗi cacar da ya yi da maƙeran. Yaron ya yi tsit yana saurare, abincinsa ma har ya huce. Ga bunsurun Thor guda biyu da yake yankawa ya ci da dare ya tashe su da safe da gudumar nan.

Mun san dai tatsuniyoyin maguzawan can ne kafin Kiristanci ya isa gare su, ba abin imani ba, amma tunda yaranmu suna kallo don Allah ku ware ko shafi ɗaya ku bambance musu na fim da na asali. Ina jiran fitowa ta gaba.

Naku mai karatu, daga Zariya.