A duba hannun yaro kafin a ba shi satifiket

Assalamu alaikum Edita,

Ina maka fatan alheri kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Ni tela ne a Aboabo nan cikin Kumasi, nan aka haife ni nan aka haifi babana, asalinmu dai Kano ne, fataucin goro ne ya fito da kakanninmu har Salaga da ke arewacin Ghana, da yaƙin basasar garin na 1892 ya watsa fatake sai suka gangaro nan. Har yau muna da dangi a gida kuma ba mu yar da zumunci ba.

Abin da yasa na rubuto maganar yarona ce. Shekararsa 17, da abokansa Twi yake yi, a makaranta Turanci, a gida kuma Hausarmu ta zango wadda ko mace ce sai ace "ya zo". Wallahi ranar da nace masa waakye ɗin nan, wato shinkafa da wake, da yake saya kullum da safe sunansa wake ne na Hausa, sai ya tsaya yana kallona kamar na faɗi abin mamaki, ranar ban yi barci da daɗi ba. Toh sai na yanke shawara na tura shi Kano gun baffansa ya shiga makarantar koyon sana'a wata shida, ya koyi ɗinkin babbar riga, ya gyara bakinsa, ya ga yadda mutanensa suke rayuwa.

Ba zan faɗi sunan makarantar ba dan ba tonon silili nazo yi ba. Amma da naje duba shi abin da na gani ya ɓata min rai sosai. Yara sun haura talatin a aji, kekuna huɗu, biyu ne ke aiki sauran an rufe su da buhu, malami yana gaban allo yana zana hannun riga da alli yara suna kwafa a littafi, wai ɗinki ake koya. Da aka gama aka ba shi satifiket mai hatimi har da hoto. Na miƙa masa yadi uku nace yanka min 'yar shara, yaron nan ya riƙe almakashi hannunsa na rawa ya rasa ta ina zai fara, ni kuma na kasa yi masa faɗa dan nasan ba laifinsa bane.

Allah ya saka wa baffansa, shi ya kai shi gun wani dattijo a cikin birni mai aikin hannu a zaure. Ba allo ba benci, tabarma ce da allura da zare sai shadda a kan gwiwa. Tsohon nan ya zana masa aska biyu, wani zanen adon babbar riga, yace bi, ya bi, ya ɗaga ya duba ta baya yace warware, sau uku yana warwarewa har yayi kuka, a na huɗu ya gyaɗa kai kawai. A zauren nan ya san aska takwas da tambari da malum-malum, a nan ya koyi durƙusawa in zai gaida babba, a nan almajiran tsohon suka yi ta masa dariya har ya daina cewa mace "ya". An aike shi marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake haɗa baban rini da toka a karofi, ya ji ƙarar masu bugu, ya dawo yana ba ni labari a waya kusan awa ɗaya har kati ya ƙare. Ni fa abin da na tura shi nema kenan.

Dan Allah Edita a isar mana da wannan kira. Akwai hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da sana'a a Kaduna tun 1977, akwai NABTEB mai shirya jarrabawar sana'a tun 1992, ga kuma ma'aikatun ilimi na jihohi. A riƙa zuwa makarantun nan ba tare da sanarwa ba, a ƙirga keken da ke juyawa ba wanda ke cikin takarda ba, kuma ranar jarrabawa a ba yaro yadi da almakashi ya yanka ya ɗinka a gaban mai dubawa, in makaranta ta yaye yara ba su iya ba a janye mata lasisi kawai. Sannan a shigo da irin wannan dattijon, da marina da dukawa da masaƙa, a biya su albashi su koyar, kar ace wai basu da takardar boko, ai galibinsu sun manyanta kuma 'ya'yansu da yawa sun kama wata hanyar.

Mu ma mazauna waje da laifinmu, muna ta kukan yara sun bar al'ada amma bamu shirya musu komai ba sai bikin Sallah. Ina roƙon sarakunan zango na nan Ghana da 'yan uwa na Kamaru da Sudan da Saudiyya da Ingila, a haɗa kai da makarantu biyu ko uku da aka tabbatar da ingancinsu a Kano ko Zariya, a riƙa tura yara dogon hutu da masauki mai tsaro, mu iyaye zamu biya wallahi.

Yanzu haka yaron yana shagona yana ma wani alhaji aikin wuyan rigar Sallah. Ƙanwarsa kuma ta matsa min ita ma sai taje ta koyi ɗinkin hula, ina ta tambaya har yau ban sami makarantar da zan miƙa ta hankalina kwance ba, in akwai mai karatu da ya san wata dan Allah ya rubuto ta wannan shafi.

Naku,
Wani tela daga Aboabo, Kumasi