A ceto faifan makaɗan shekarun 1970 da ba su taɓa shiga kasuwa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi kira ga 'yan'uwa mazauna zango-zango na Accra da Kumasi, game da wata dukiya da take ruɓewa a ƙarƙashin gadaje da cikin adakoki. Muna nufin faifan zare, wato tef mai naɗi a buɗe, da kaset-kaset na ƙungiyoyin kiɗa na shekarun 1970, waɗanda suka naɗi waƙoƙinsu amma Allah bai nufa sun kai su kasuwa ba. Abin da ya fi damun mu, mu masu gyaran rikoda, shi ne da yawa daga cikin faifan nan ba tsufa ne ya kashe su ba. Suna mutuwa ne ranar da magada suka ce bari mu ji muryar Baba.

Matasa ba su san irin zafin da kiɗa ya yi a ƙasar nan ba. Ran 6 ga Maris 1971 aka yi wasan Soul to Soul a dandalin Black Star, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka kwana suna cashewa. Samari suka ga yadda Santana ya haɗa jita mai gurnani da ganguna, suka ce ai gangunan namu ne. Daga nan salon ya bazu: jitar lantarki mai kuka kamar goge, molon turawa mai jan sauti, amsa-kuwwa mai juya kai, sannan a ƙarƙashi kiɗan gargajiya da waƙar gida. Hedzoleh Soundz, da suke wasa a kulob ɗin Napoleon na Faisal Helwani a Osu, sun yi faifai da Hugh Masekela a 1973. Uppers International daga Bolgatanga sun sa harsunan Arewa, har da Hausa, a cikin irin wannan kiɗa. Psychedelic Aliens na Accra kuwa waƙoƙi takwas kacal suka fitar, kuma sai a 2010 aka tattara su aka sake bugawa a ƙasar waje.

Waɗannan su ne masu sa'a. A bayansu akwai ƙungiyoyin 'yan makaranta da na unguwa da suka tsaya a naɗin gwaji. Kafin su sami mai ɗaukar nauyi, tattalin arziki ya karye a zamanin kalabule, wato na ɓoye kaya da kasuwar bayan fage, kamfanonin buga faifai irin su Ambassador na Kumasi suka rasa kayan aiki. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana fitar dare da ta wuce shekara biyu, aka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa. Makaɗa suka watse, wasu Legas, wasu Jamus, wasu suka koma kiɗan coci, namu kuma da yawa suka ajiye jita suka kama kasuwa. Gobarar 1989 ta cinye ajiya mai yawa a gidan rediyo da talabijin na GBC. Saboda haka kwafin da ke ɗakin wani tsoho a Nima ko Aboabo yana iya zama shi kaɗai ya rage a duniya.

Wanda ya tsinci faifan zare, kada ya ɗora shi a rikoda. Ya fara shinshina kwalin. In ya ji tsami irin na ruwan khal, zaren na robar asitet ne kuma ya fara ruɓewa, a raba shi da sauran domin tururin tsamin yana harbin na kusa da shi. A ɗaga faifan a gaban fitila: in haske ya ratsa naɗin zaren, asitet ne, in ya toshe baƙi ƙirin, robar foliyesta ce. Wannan bambanci shi ne komai, domin maganin ɗaya gubar ɗaya ne.

Ciwon foliyesta, musamman Ampex 406 da 456 da Scotch 226 na tsakiyar shekarun 1970 zuwa gaba, shi ne danƙo. Gam ɗin da ya riƙe garin ƙarfen da sauti yake ciki yana shan laima, ga shi kuma damshin iskar Accra yakan kai kashi 80 cikin 100. Da an kunna sai a ji zaren yana ƙara siririya, yana ja yana tsayawa, baƙin danƙo yana taruwa a kan rikodar. Danƙon nan da ake gogewa da auduga, waƙar ce da kanta, kuma ba ta dawowa. Maganinsa gashi ne da zafi kaɗan: digiri 50 zuwa 54 a ma'aunin Salshiyos, awa 4 zuwa 8 ga zare mai faɗin kwatan inci, a cikin na'urar busar da 'ya'yan itace, da ma'aunin zafi na daban a ciki don kada a dogara da lambar jikin na'urar. Sai a bar shi ya huce kwana guda. Murhun gas, tandar burodi, na'urar busar da gashi ko shanya a rana duk suna wuce kima su lanƙwasa zare. Gashin ba warkewa ba ne, lafawa ce ta 'yan makonni, don haka ba a gasawa sai kwamfuta da rikoda suna shirye. Asitet kuma ba a gasa shi sam, ƙanƙancewa yake ya karye.

In an ga farin gari ko saƙa kamar ta gizo-gizo a gefen naɗin, funfuna ce. Kada a hura da baki, kada a sa ruwa. A rufe faifan a roba mai murfi tare da ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, na wajen mako uku har funfunar ta bushe, sannan a share a hankali da tsumma marar gashi, a waje, da takunkumi a hanci. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, ya fi dacewa da wannan aiki.

Ita ma rikodar tana da nata sharrin. Tayar robar da ke matse zare, in ta taurare ko ta narke, tana tauna shi. A canza ta tare da bel, a wanke kan rikodar, wato ƙarfen da zare yake gogawa ya ba da sauti, da sifirit mai ƙarfin kashi 99, a gwada da faifan da ba a damu da shi ba. Rikodar da aka kawo daga Amurka an yi ta ne don wutar volt 110 mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce mai bugu 50. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta amma ba ta gyara bugun, sai motar wasu injinan ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, muryar saurayi ta koma ta dattijo. Yawancin naɗin gida an yi shi a gudun santimita 9.5 ko 19 a daƙiƙa, na situdiyo 38. Zare mai tsawon ƙafa 1,200 a gudun 19 yana ba da minti 32 a fuska ɗaya. In ana jin wata waƙa tana tafiya da baya a ƙarƙashin wadda ake saurare, faifan mai layi huɗu ne aka ɗora a injin mai layi biyu. In sauti ya dushe, kuge da sarewa sun ɓace, a juya ɗan sukurun da ke gefen kan rikodar kaɗan-kaɗan har ya washe. A sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar juyawa tana tsinka asitet.

Kaset ya fi sauƙi. A fara karya 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada hannu ya taɓa jan maɓalli a shafe komai. Ɗan soson da ke bayan zare yakan faɗo, sai a kwance sukurori biyar a mayar da zaren cikin sabon gida. In ya tsinke, ban da salatif na ofis, gam ɗinsa yana tsattsafowa ya manne naɗi da naɗi. Zaren C-120, kaset mai minti 120, siriri ne ƙwarai, a juya shi da biro ba da injin ba.

A naɗa a kwamfuta a tsarin WAV, a saita shi 96 kHz da bit 24, wanda yake cin kusan gigabait 2 a awa ɗaya. Kada a fara da MP3, kada kuma a ɗora waya a bakin lasifika, balle a tura ta WhatsApp a ce an adana. A yi kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. Ambaliyar 2011 da ta shiga ajiyar Bokoor ta John Collins, masanin tarihin kiɗan Ghana, ta isa darasi. A ajiye faifan a tsaye, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, nesa da rufin kwano, kuma kada a yar da shi don an kwafe.

Sauti kaɗai ba tarihi ba ne. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya kafin a goge ƙura, domin rubutun fensir na nan. A nemi dattijan da suka rage, a kunna musu, a naɗi abin da za su faɗa: wa ke kan jita, wa ya buga kalangu, a wane ɗaki aka naɗa, wace shekara, wa ya ba da aron kayan. Mun san wasu sun zama alhazai da limamai, ba sa son a tuna musu. A je da ladabi, in sun ce a sakaya suna a sakaya, amma a rubuta.

Masu sayen tsofaffin faifai daga Turai suna yawo a unguwanninmu. Wasunsu mutanen kirki ne, amma sayar da zare daban, sayar da haƙƙin waƙa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta ba mawallafi kariya tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa, wato magada suna da rabo. Kada a sa hannu sai takarda ta faɗi shekarun izini, kason kuɗi, da ranar dawo da faifan. Wanda ba shi da halin kwafewa ya tuntuɓi ajiyar J. H. Kwabena Nketia da ke Jami'ar Ghana a Legon.

Malam Edita, roƙonmu shi ne ka ware ɗan gurbi kowane wata inda iyalai za su aiko da hoton kwali da sunan ƙungiya, ko wani a Asawase zai gane ɗan gangan da wani a Mamobi yake nema.

Wassalam,
Wasu masu gyaran rikoda da kayan sauti,
Nima, Accra