Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Batun Jirgin Ruwa Mai Inji

Sakkwato

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara, na samu saƙonka daga Fatakwal, wanda a cikinsa ka bayyana niyyarka ta sayen ƙaramin jirgin ruwa mai inji, ka ajiye shi nan gida domin shan iska da iyali duk lokacin da ka zo hutu. Na yi farin ciki da wannan tunani, kuma saboda ba na so ka zuba dukiyarka inda za ka yi da-na-sani, na ga ya dace in rubuto maka a tsanake.

Abu na farko da nake roƙon ka duba shi ne ruwan da za a sa jirgin, tun kafin ka dubi jirgin kansa. Idonka ya saba da ruwan Neja Delta mai zurfi wanda ba ya janyewa, namu kuwa ruwa ne mai bin lokaci. Gulbin Rima yana cika ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, har ma ya yi ɓarna kamar yadda ya yi a 2010, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amma da bazara sai ka ga yashi ya fito fili a tsakiyar gulbi. Madatsar Goronyo ce babban ruwan da muke da shi, ita ma a 2018 ta ja baya ƙwarai har hankalin mutanen birni ya tashi kan ruwan sha, ga kuma matsalar tsaro a wannan yanki wadda ba za ta bari mutum ya kwashi iyali ya tafi yawon shaƙatawa yadda ya ga dama ba. Saboda haka jirgin fiba mai tsinin ciki, irin wanda ka turo mini hotonsa, bai dace da mu ba, domin an ƙera shi ne don ya keta igiyar ruwa mai zurfi. Abin da zai yi maka aiki a nan shi ne jirgin alminiyam mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda ke tafiya a ruwa kaɗan, ba shi da nauyi, kuma zafin ranarmu na Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, ba ya cin jikinsa kamar yadda yake ƙona fatar fiba har ta dushe ta tsattsage.

Sai batun inji, wanda a nan ne kuɗin yake. Masu jiragen haya a Yawuri da sauran garuruwan bakin Neja sun fi riƙe Yamaha mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, saboda yana da juriya kuma makanikai sun san cikinsa. Sai dai idan aka buɗe masa wuta yana iya shanye lita 15 zuwa 20 a awa ɗaya. Ka lissafa da kanka: fitar awa uku za ta iya cin lita 50 ko fiye, kuma ka san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ga mutum biyar ko shida da ba gaggawa suke yi ba, inji mai ƙarfin doki 15 ya isa, kuma shansa bai kai rabin wancan ba. Akwai kuma irin da man injinsa yake daban kamar na mota. Ya fi tattalin fetur da rashin ƙara, amma ya fi tsada, yana buƙatar juye duk bayan kimanin awa 100 na aiki, kuma wanda zai gyara shi a Sakkwato sai an tona. Idan ɗan kwatano za ka saya, kada ka biya sai an tayar da shi a cikin ruwa a gabanka, an ga yana fitar da ruwan sanyaya shi yadda ya kamata, musamman ganin cewa injin da ya yi aiki a ruwan gishiri na can wajenku yakan ci tsatsa ta ciki alhali fentinsa yana ƙyalli.

Abin da ya fi damuna, Alhaji, shi ne kwanakin da jirgin zai yi a ajiye. Kai da kanka ka san ba ka wuce zuwa Sallah biyu da ɗan hutun ƙarshen shekara, kuma ba lallai ne su dace da lokacin ruwa ba. Jirgi kuwa kamar doki yake, ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireto yana daskarewa ya toshe shi, robar famfon ruwa tana bushewa ko yashin gulbi ya cinye ta, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, farfela kuma da ta daki tudun yashi sau ɗaya sai ta lanƙwashe. Kayan gyaran nan yawanci daga Legas ko Onica ake aiko su, da farashin da ke bin dala. Ƙara da tirelar ja, da motar da za ta iya janta, da rumfar ajiya, da ɗan albashin wanda zai riƙa tayar da injin, da rajista a wurin hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa.

Akwai kashe kuɗi ɗaya da ba zan yarda ka rage ba, wato rigar kariya ga kowane mai shiga, har da ƙananan da suka dace da jikin yara. Ba mu manta da hatsarin Warra ta jihar Kebbi a 2021 ba, inda mutane masu yawa suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙan su. Haka kuma dole ka ɗauki matuƙi daga cikin Sarkawa, wanda ya san inda rami yake da inda kututture ya ɓuya.

Shawarata ita ce ka dakata da saye a bana. Idan Allah ya kawo ka a ƙarshen damina, zan nemo mana jirgin haya da matuƙinsa ta hannun Sarkin Ruwa, mu fita da yara, ka ga ruwan da idonka, ka ga ko suna sha'awar abin. Idan bayan haka zuciyarka tana nan a kai, sai mu nemi na alminiyam da ƙaramin inji, kuma zai fi sauƙi idan ka haɗa hannu da ƙanenka da ke zaune a nan, ya riƙa amfani da shi kuna raba ɗawainiya. Ka sanar da ni ranar zuwanka da wuri domin in shirya.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini a kullum.