Takardar Koke Kan Janyewar Ruwan Rijiyoyi a Kwarin Badagishiri

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Adar,
Fadar Illela.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka masu garake, makiyaya da mata masu ɗibar ruwa na ƙauyukan bakin kwarin Badagishiri, mun kawo kukanmu ne a kan ruwan rijiyoyinmu da ke ta janyewa shekara bayan shekara.

Ranka ya daɗe, ruwan sama bai daina zuba ba, tsayawa ce ba ya yi. Tuddan da ke kewaye da mu sun zama fako, itatuwansu sun ƙare a murhu. In aka kwana ana ruwa cikin watan Agusta, kafin asuba ya gangaro da ƙarfi, ya bi kwazazzabon da ya haƙa wa kansa a tsakiyar kwari, ya yi gaba. A zamanin iyayenmu ambaliya bazuwa take yi a fadama, ta kwanta, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Yau gari na wayewa sai yashi da karyayyun rassa. Kwazazzabon kuma ƙara zurfi yake, yana tsotse danshin gonakin da ke gefensa.

Ba a ganin ɓarnar sai cikin Maris, daidai lokacin da albasa ke ƙosawa. Injin ban ruwa ya fara tari yana jan laka. Mai garka ya haƙa rami gefen rijiya, ya saukar da injin ciki don tiyo ya kai ga ruwa, baɗi kuma ya ƙara zurfin ramin. Mata na zaune bakin rijiya tun duku-duku suna jiran ya taru. Samarinmu da dama sun bar garaken sun tafi ci-rani Abijan da Libiya.

Wasu na cewa a haƙa rijiyoyin burtsatse. Muna so, amma rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ko yaya girmansa, ƙarewa zai yi.

Abin da muke nema, wato madatsun baza ruwa a kwarinmu, ba baƙo ba ne a Adar. Tun 1984, bayan babban fari, aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da taimakon ƙasar Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun aikin a ka. Daga baya an gina madatsun baza ruwa a kwaruruka da yawa na jihar Tawa. Gajeren gini ne na dutse da siminti da ake gittawa a kwari, mai dogayen fikafikai dama da hagu. Ba ya tare ruwa ya zama tafki, karya masa gudu kawai yake, ya tilasta shi bazuwa a fadama har ya nutse. Ƙasar da ruwan ya ɗebo ta kwanta ta cike kwazazzabon. 'Yan uwanmu da ke kusa da irin wannan gini mun ga da idonmu yadda rijiyoyinsu ke riƙe ruwa. Sai dai guda ɗaya ba ya isa, a jere ake yinsu daga sama zuwa ƙasa, a haɗa da jeren duwatsu da ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata a kan tudu.

Muna roƙon Sarki ya isar da wannan kuka ga hukumomi a Illela da Tawa, a turo masana su auna kwarin tun da rani. Dutse, yashi da ƙarfin hannu namu ne.

Amma inda muka fi buƙatar bakin Sarki shi ne maganar fili. Duk inda aka gitta madatsa, akwai wanda ruwa zai kwana a gonarsa, akwai na ƙasa da zai ce an tare masa rabonsa, akwai burtali da mashayar dabbobi. Injiniya ba ya raba wannan gardama. Muna so Sarki ya tara masu gari, ardo-ardo da kwamitin filaye, a yi yarjejeniya a rubuce kafin a ɗora dutse ko ɗaya. A ciki a faɗi wanda zai riƙa toshe tsaga bayan kowace damina, domin in ruwa ya samu kafa a gefen fiffike, damina ɗaya ta ishe shi ya kewaye ginin ya koma tsohuwar hanyarsa.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka,
Masu garake, makiyaya da matan ƙauyukan kwarin Badagishiri.