Dattawanmu na Massachusetts na barin haƙƙinsu a hannun gwamnati

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwa mazauna jihar Massachusetts ta Amurka, musamman mutanenmu na Worcester da Boston, kan wani haƙƙi da dattawanmu ke bari yana salwanta.

A nan ko mutum ya gama biyan bashin gida, harajin gida yana nan daram. Hukumar gari ce ke kimanta darajar gidan, harajin kuma yakan hau, alhali kuɗin fansho bai taka kara ya karya ba. Na shiga gidan wata tsohuwa cikin sanyin Janairu na tarar ta saka rigunan sanyi biyu, ta rage na'urar ɗumama ɗaki, wai tana tara kuɗin haraji. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Jihar na da wani tsari mai suna Senior Circuit Breaker. Wanda ya kai shekara 65, yana zaune a gidansa, idan harajin gidan haɗe da rabin kuɗin ruwa da na magudana ya haura kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu a shekara, gwamnati za ta mayar masa da rarar, har zuwa wata iyaka. A ce samunsa dala 30,000 ne, harajin kuma dala 5,000, to dala 2,000 za su dawo aljihunsa. A 2023 Gwamna Maura Healey ta sa hannu kan dokar da ta ninka iyakar kuɗin, har ta kai dala 2,730 a shekarar haraji ta 2024. Akwai sharaɗi kan yawan samu da darajar gida. 'Yan haya ma suna da rabo, in ba gwamnati ke tallafa musu da kuɗin hayar ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne dattawa da yawa sun daina cike takardar harajin jiha, tunda ba a bin su komai. To kuɗin nan ko ba a binka sisi za a ba ka, amma sai ka cike takardar ka haɗa da fom ɗin Schedule CB. Wanda ya yi sakaci a baya yana iya neman na shekaru uku da suka wuce.

Nauyin yana kan 'ya'ya da jikoki masu jin Turanci. Cibiyoyin tsofaffi na garuruwa da shirin AARP Tax-Aide na 'yan sa-kai suna taimakawa wajen cike takardar kyauta. Ina kuma roƙon limamanmu su sanar bayan sallar Juma'a kafin 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji.

Naku,
Mai sauraro daga Worcester